Aiken Auta

Litinin, da yamma

Shugabarmu ta ce duk mai jagorantar zaman sulhu ya riƙa rubuta abin da ke ransa bayan an tashi, wai don kada mu kwashi kayan mutane mu kai gida. To ga shi ina rubutawa, a gida. Ban san inda take so in sauke kayan ba, ko a bakin titi.

Zaman yau lafiya lau. Aji aka ba mu aro a makarantar yara, mun jera kujerunsu a da'ira, manya na zaune gwiwa na neman taɓa haɓa. Rabi mutanen unguwarmu ne, rabi 'yan tsallaken gada, sai wasu mata biyu da gudun hijira ya kawo su, yarensu daban da na kowa. Ni ce ta wannan ɓangaren. Dogo, abokin aikina, shi ne na tsallake, kuma shi ke yi mana tafinta. Ƙofa a buɗe muke barinta, don tun zaman farko muka gane ba wanda zai yarda a rufe shi a ɗaki da wani.

Kullum da doka uku nake buɗewa. Wanda dutse ke hannunsa shi kaɗai ke magana. In ya gama ba tambaya, ba nasiha, sai mu ce, "Mun ji ka, mun gode." Ta uku, labarin mutum nasa ne, ba mai fita da shi daga ɗakin sai shi da kansa. Dutsen ba wani abu ba ne, Dogo ya tsinto shi a gindin famfo, amma sai ka ga dattijo ya riƙe shi kamar ƙwai.

Inna ta ji ni ina maimaita dokokin a tsakar gida har ta haddace, yanzu ta mayar da su abin tsokana. Na ce mata gishiri ya ƙare, ta ce, "Mun ji ki, mun gode." Na yi dariya. Ita ma saura kaɗan.

Yau ta sake wanke rigunan Auta. Shi ne ƙanena, wanda ta aika sayen maganinta na hawan jini ranar da rikici ya ɓarke, bai dawo ba, shekara biyu ke nan ko kusa. Ta ce ƙura ce ta hau su. Sakatar ƙofar gida ma tun ranar ba a sa ta ba, turawa kawai muke yi, don kada ya dawo ya tarar a kulle. Yaya ya yi faɗa a kan haka har ya gaji.

Alhamis, bayan an tashi

Wanda muke kira Mai Lambu ya karɓi dutsen yau. Tun da aka fara zaman, miƙa shi gaba kawai yake yi.

Na ce masa mun ji shi, mun gode. Da bakina na faɗa.

Alhamis, da almuru

Ban ci abinci ba. Na ce wa Inna ciwon kai ne.

Juma'a, da safe

In ban rubuta ba zan faɗa wa wani, to gara takarda.

Dattijo ne ɗan tsallake, yana da lambu a bakin rafi, ƙasa da gada. Shi ke riga kowa zuwa, ya zauna kusa da taga, ƙasa a ƙarƙashin farcensa. Jiya da dutsen ya iso gare shi sai ya riƙe. Yana magana, Dogo na juya mana.

Ya ce ranar, da rana tsaka, ya tarar da wani saurayi kwance tsakanin kunyoyin albasa. Ba ɗan ɓangarensu ba ne. Ya ja shi inuwa, ya ba shi ruwa a tafin hannu. Yana jin muryoyi a kan hanya, kuma ya san masu su, har da wanda suka sha nono ɗaya. Sannan ya ce yaron na ta miƙa masa wani ɗan ƙulli yana maimaita magana da yarenmu, kalma biyu kawai ya gane, magani da Inna. Kafin rana ta faɗi ya daina maimaitawa. Dattijon shi kaɗai ya yi haƙa a gindin bishiyar da ke ƙarshen lambun, ya binne shi. Tun daga nan bai sake shuka komai a gefen ba, matarsa na ce masa malalaci. Ƙullin yana nan wurinsa, bai taɓa kwancewa ba.

Har zuwa nan ina ce wa kaina kowa na da Inna, magani kuma kowa na saye. Sai ya ɗaga hannun hagu ya taɓa gefen ƙaramin yatsansa. Dogo ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya ce, "Wai yaron yana da cindo."

Mu biyu aka haifa da yatsa na shida a gidanmu. Nawa an cire tun ina jaririya, na yi ta zubar da jini, shi ya sa Inna ta hana a taɓa na Auta. Ni ɗan tudu ne ya rage mini a wurin.

Mai Lambu ya miƙo dutsen, na karɓa, na faɗi abin da ake faɗa. Daga nan na ce kowa ya dafa ƙirji mu ja numfashi a hankali, mu sake a hankali. Suka bi ni. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Asabar, da rana

Ina shigowa Inna ta ce, "Ba a ji wani labari ba?" Kullum sai ta tambaya, kullum ina cewa babu. Yau ne ya zama ƙarya.

Lahadi, da yamma

Yaya ya dawo daga tafiya, ya ajiye motar kaya a bakin layi ya zo cin abinci. Yana wanke hannu ya fara.

"Malamar zaman lafiya, har yanzu kina can kina shan shayi da su?"

"Ba ma ba da shayi, Yaya, ruwa ne."

"Ko guba ne. Ni dai ranar da na ji ko da sunan layin da aka gan shi na ƙarshe, wallahi ba ni kaɗai zan haye gadar nan ba."

Inna ta ajiye ludayi. "Ba a yi wa mai rai irin wannan magana a gidana."

Ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri. Ba mugu ba ne Yaya. Shi ya bi asibitoci da ɗakunan ajiye gawa yana ɗaga mayafai, ni ina gida. Bai taɓa gaya mana abin da ya gani ba, sigari kawai ya koya.

Na zauna ina kallonsu ina lissafin abin da ba ya lisaftuwa. In na faɗa wa Inna, za ta ce a kai ta wurin. Wurin kuwa a tsallake yake, a lambun mutum. In ta sani Yaya ya sani, in Yaya ya sani abokansa sun sani. Can kuma ɗan'uwan Mai Lambu zai gane wanda ya buɗe baki. In na yi shiru, Inna za ta ci gaba da wanke riguna har ƙarfinta ya ƙare. Na juya ta kowane gefe, ba gefen da ba ya yanka.

Litinin, da hantsi

Na je ofis wurin Shugaba. Fanka na juyawa ba iska, bango cike da hotunan mutane suna riƙe da hannun juna suna murmushi. Na gaya mata. Wannan an yarda, ita ce mai duba aikinmu.

Ta cire tabarau, idonta ya cika. Ban so haka ba, na so ta yi mini faɗa in sami wanda zan ji haushi.

Ta ce, "Ƙanwata, ba zan iya ce miki ki faɗa ba. In labari ɗaya ya fita daga ɗakin nan, ba mai sake riƙe dutsen, a nan ko a tsallake. Shi kuma dattijon kin san abin da zai same shi."

"To in roƙe shi ya ba ni izini."

"Ke ce malamarsa a ɗakin. Roƙonki ba roƙo ba ne a wurinsa, dole ce. Kuma da kin roƙa kin ɗora masa sanin ko wace ce ke."

Ta ce ba zan ci gaba da jagorantar rukunin ba, ranar Alhamis in yi musu sallama, za a turo wata. Duk abin da ta faɗa daidai ne, ni da kaina na koya wa sababbin ma'aikata shi bara. Da zan fita ta miƙo mini ruwa, ta ce in zauna in ja numfashi tukuna. Ni da na koya wa rabin garin nan jan numfashi. Na sha ruwan dai, don kada ta ji ba daɗi.

Talata, da yamma

Na je har bakin gada. Ana hango bishiyoyi da yawa a ƙasa, ban san wacce ba ce. Na dawo.

Laraba, da rana

Inna na guga, ni ina tsintar shinkafa. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Kin san na yi masa faɗa da safen nan?"

Na ce ban sani ba.

"Sau biyu ina aikensa yana mantawa, ya biye wa ƙwallo. Sai na ƙulle masa kwalin da ya ƙare a ƙyallen tsohon zanena, mai ɗigon shuɗi, don kada mai kanti ya ba shi wani iri. Na ce masa in bai sayo ba kada ya dawo mini gida." Ta juya rigar ta goge wuyan. "Kantuna duk an rufe ranar. Ina zai samu? Kin san shi da ɗaukar magana. Yana can wani wuri yana jin nauyin dawowa hannu rabbana."

Shekara biyu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni ina zagaya unguwanni ina koya wa matan mutane cewa ba laifinsu ba ne. Na ce, "Inna, ai ya san wasa kike." Ta ce ba wasa take ba, da gaske ta faɗa.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ta ji.

Alhamis, bayan an tashi

Na yi musu sallama. Na ce an mayar da ni wani aikin. Wata daga cikin matan nan biyu ta rungume ni, har yau ban san kalma ɗaya ta yarenta ba. Wani tela ɗan unguwarmu ya ce dama ya san abin kirki ba ya daɗewa, aka yi dariya.

Na zagaya da dutsen na ƙarshe. Hannun dama na riƙe da kofi, sai na miƙa wa Mai Lambu da hagu. Ban yi da gangan ba. Ko na yi, ban sani ba. Bai karɓa nan da nan ba. Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, ya sake duban hannun. Ya ce wa Dogo wani abu ƙasa-ƙasa, Dogo ya amsa a taƙaice, bai juya mana ba.

Muna tattara kujeru na tambaye shi.

"Cewa ya yi ko kina da ƙane. Na ce ba a tambaya a ɗakin nan." Ya ɗora kujera a kan kujera. "Malama, wancan makon da na san inda maganar za ta, da na haɗiye kalmar nan."

"Ba haɗiya aka ɗauke ka yi ba."

Ya ce haka ne. Muka kulle ajin, kowa ya nufi ɓangarensa.

Asabar, da safe

Ba komai.

Litinin, da yamma

Yanzu a ofis nake, ina ninke takardun wayar da kai. Alamomin ciwon zuciya bayan tashin hankali: rashin barci, yawan firgita, maimaita aiki ɗaya, ɗora wa kai laifi. Da a ce hoton Inna muka manna da mun huta da rubutu.

Dogo ya leƙo ya ce Mai Lambu bai zo zaman yau ba. Na ce ko lafiya, ya ce bai sani ba.

In wani abu ya same shi, hannuna ne.

Laraba, da la'asar

Jiri ya kwashi Inna a bakin murhu, na kai ta asibiti. Jinin ya hau sosai. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko akwai abin da ke damun tsohuwa a rai. Na ce akwai kaɗan. Ta ce a daina barinta tana tunani, kamar tunani akuya ce da za a ɗaure.

Sun so su kwantar da ita, ta ƙi. Ta ce ba za ta bar gida ba kowa ba. Na ce Yaya zai iya kwana, ta ce Yaya zai sa sakata.

A hanyar dawowa ta riƙe hannuna tana tafiya a hankali. Ta yi sauƙin nauyi ƙwarai. Na ji tsoro, tsoro na gaske, cewa za ta tafi tana zaton maganarta ce ta kore shi, ni kuma ina gefenta da amsar a baki.

Alhamis, da yamma

Yau ma bai zo ba. Dogo ya ce matarsa ta ce yana lambu tun safe har duhu, ba ya aikin komai, zama kawai.

Juma'a, da rana

An yi ruwa mai ƙarfi. Ina ta tunanin ko rafin na kaiwa gindin bishiyar.

Asabar, da yamma

Dogo ya kira ni ya ce in fito bakin layi. Bai taɓa shigowa unguwarmu ba sai a motar ofis. Na tarar da shi tsaye da keke, ya ja hula har ido, da ƙaramin buhu a bayan keken.

"Ya ce a kai wa Inna. Da yarenku ya faɗa."

"Dogo, ya san abin da zai iya biyo baya?"

"Na tambaye shi har sau nawa. Ya ce ke kika ce labarin mutum nasa ne, shi ke da ikon fita da shi. Ya ce ya fita da shi."

Ya hau kekensa ya tafi, bai jira godiya ba.

Albasa ce da tumatir da kabeji biyu. Na cusa hannu ƙasa na taɓa ƙyalle. Na daɗe tsaye a bakin ƙofa. Zan iya cirewa in jefa a kwata, ba wanda zai sani. Ban cire ba. Na ajiye buhun a ɗakin girki na ce, "Inna, an aiko miki da kayan miya." Na koma na zauna a bakin ƙofa.

Tana fitar da albasar tana yabawa, wai wannan hannun manomin gaske ne. Sai hannunta ya kai ƙasan buhun, ta ciro ƙyallen.

Ɗigon shuɗin ya koɗe, ƙasa ta rine shi, amma ƙullin nata ne. Ta sa haƙori ta kwance. Ga tsohon kwalin da ya ƙare, ga sabo a gefensa, ba a ɓalle ko ƙwaya ɗaya ba. Ta jera su a cinya tana kallo, ta juya sabon ta duba ko iri ɗaya ne.

"Ashe ya sayo," in ji ta.

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "Na san dokarku, ba zan matsa miki ba. Abu ɗaya. An ba shi ruwa?"

Na gyaɗa kai. In karya doka ce, na karya.

Ta mayar da kwalayen ta ƙulle yadda suke, ta sa a cikin rigarta. "Kada Yayanki ya ji daga bakinki. Mai albasar nan kuma, ki ce masa mun ji shi, mun gode."

Ban gaya mata an hana ni zuwa inda yake ba.

Da almuru ta tashi ta nufi ƙofar gida, na bi ta. Ta kama sakatar ta ja, ko gezau, tsatsa ta cinye ta. Ta ce in ɗebo man girki a cokali. Muka zuba, ita tana ja ni ina bugawa da dutsen guga, har ta shiga. Ta tsaya da hannunta a kai na ɗan lokaci, sannan ta ce in je in rufe tukunya.

Lahadi, da sassafe

Yaya ya zo ya tura ƙofa kamar kullum, ba ta buɗe ba. Ya sake turawa. Yanzu ya daina, bai buga ba, bai kira ba, ina ganin inuwar ƙafafunsa ta ƙarƙashin ƙofar.

Na miƙe, Inna ta ce in zauna. Ta ce ita za ta buɗe.